Addu'a domin ɗan'uwa mai fama da ƙiba: abin da iyali da ikkilisiya ya kamata su sani

'Yan'uwa cikin Almasihu, a taron addu'a na tsakiyar mako da na Zumuntar Mata ana yawan jin roƙo irin wannan: Mama ta yi jiki, gwiwa ta hana ta durƙuso, likita ya ce ga hawan jini ga ciwon suga, a taya mu da addu'a. Roƙo ne da ke kan hanya, domin Yakubu 5:14 ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Sai dai a asibiti muna karɓar waɗanda aka yi wa addu'a da zuciya ɗaya, amma rashin sani ya sa aka ƙara musu ciwo.

A fara sanin abin da ake roƙo a kai. A auna nauyi da tsawo, a raba kilon da tsawon a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Mace mai kilo 90 da tsawon mita 1.6 za ta sami 35. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ƙiba ce mai jawo cuta. In babu sikeli, awon tela ya isa: a zagaya ciki daidai saitin cibiya, in ya haura santimita 88 ga mace ko 102 ga namiji, akwai haɗari. A kuma danna ƙafa sama da idon sawu da babban yatsa na ɗan lokaci. In aka ɗaga yatsa rami ya zauna, wannan ruwa ne ya taru, kuma yana iya fitowa daga zuciya, ƙoda ko hanta. Irin wannan asibiti za a nufa, rage tuwo ba zai taɓa shi ba.

Wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ya riga ya sauƙaƙa wa jini da suga da gwiwa. Ga mai kilo 90, kilo 4.5 zuwa 9 ke nan, ƙasa da rabin kilo a mako. Abin da za a kai gaban Ubangiji ke nan, kuma a faɗe shi a gaban mai ciwon cikin ƙauna, misali: "Ya Uba, ga baiwarka. Ka warkar da ita, ka ba ta ƙarfin barin abin da ke cutar da ita, ka ba likitocinta hikima, mu kuma ka ba mu haƙurin tsayawa tare da ita, cikin sunan Yesu." A guji addu'ar da ke kiran mutum mai haɗama a bainar jama'a. Kunya tana sa mutum ya daina zuwa sujada, ya koma ci a ɓoye. Balle ma ƙiba ba daga baki kaɗai take zuwa ba: akwai gado, akwai haihuwa, akwai ciwon damuwa, akwai magunguna irin su dexamethasone da wasu ke saya a kemis ba da izinin likita ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne azumi. Mai ciwon suga da ke shan ƙwayar glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Zai fara karkarwa, gumi ya karyo masa, zuciya na bugawa, ya rikice, ya riƙa surutai ko faɗa, daga nan ya yanke jiki ya faɗi. A tsakiyar addu'ar kwana, da ƙarfe biyun dare, mutane da yawa za su ɗauka mugun ruhu ne ya bayyana, su kewaye shi suna tsawatawa, alhali ƙwaƙwalwarsa ce ke neman suga. In yana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali 4 na suga a rabin kofin ruwa, ko a ba shi rabin kwalbar lemo mai suga, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a maimaita, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko man shafewa, don zai shige huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Mai shan glibenclamide a kai shi ko da ya farfaɗo, domin sugan kan sake faɗuwa bayan wasu sa'o'i.

Azumin kwana uku ba ci ba sha kuwa yana busar da jiki, yana wahalar da ƙoda, musamman ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Kilon da aka gani ya sauka ruwa ne, yana dawowa da an buɗe baki. Masu lafiya a gidan su ɗauki azumin a madadin mai ciwon. In shi ma yana so, ya tambayi likitansa tukuna, ko ya yi azumin barin lemon kwalba, burukutu da soye-soye, wanda zai iya riƙewa wata da watanni.

Kada a zubar da magani don nuna bangaskiya. Hawan jini ba ya ihu, mutum na jin garau jininsa na 180, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Yesu da kansa ya aiki kutaren nan goma su je su nuna kansu ga firistoci (Luka 17:14). Wanda ya gaskata ya warke ya je a gwada, likita ne zai rage maganin in awo ya nuna. Haka mai farfaɗiya da mai taɓin hankali: a yi addu'ar kuɓutarwa, amma ba duka, ba ɗauri da sarƙa, ba hana magani.

Sai tukunya. Ba zai yiwu a ce Baba ya ci gwaten acha shi kaɗai, sauran gida na cin soyayyiyar doya a gabansa ba. A sauya girkin gidan gaba ɗaya. Rabin kwano ganye, zogale, rama, alayyafo ko kabeji. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi ko ƙwai. Sauran tuwo, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci. Mai a riƙa auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin lissafin. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 9 na suga, don haka masu kai ziyarar dubiya su bar katan ɗin lemo da maltina, su riƙo gwanda, lemon zaƙi ko kokwamba. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 da ake so. Mai ciwon gwiwa ya raba ta minti goma-goma, wani a gidan ya riƙa raka shi, ana iya yin addu'ar safe a kan hanyar. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa, kitse na nan inda yake.

A kuma yi hattara da ramar da ta zo ba dalili. In mutum bai sauya ci ba, bai ƙara motsi ba, amma zane na kwancewa, wando na zamewa, kada a yi saurin fita ba da shaida ranar Lahadi. Suga da ya hau sosai yana ramar da mutum, tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare. Tarin fuka ma haka, da tari na fiye da mako biyu da gumin dare, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Ƙanjamau da ciwon daji su ma suna iya jawo rama. A je a gwada tukuna.

Nauyi a auna shi sau ɗaya a mako, da safe, a sikeli ɗaya, a rubuta a littafi tare da awon jini. In baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a sa mutum a mota zuwa asibiti nan take, masu addu'a su yi ta a hanya.