Wuƙaƙen ado na hafsoshin Jamus: abin da doka ta yarda da abin da ta hana

Wanda ke tara wuƙaƙen da hafsoshin Jamus suka riƙa ratayawa a ƙugu ran fareti, dokoki biyu ne ke jiransa a ƙasar: ɗaya tana duba tambarin da ke jikin wuƙar, ɗayar tana duba ruwanta.

Tambarin ya fi jefa mutane cikin matsala. Wuƙar hafsan sojan ƙasa da aka fito da ita a 1935 tana da mikiya riƙe da suwastika, tambarin 'yan Nazi, a kan ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙota da ruwa. Ta sojan ruwa ta 1938 kuwa a kan ƙota mikiyar take. Sashe na 86a na kundin hukunta laifuka ya hana yaɗa alamun ƙungiyoyin Nazi ko nuna su a bainar jama'a, hukuncinsa ɗauri har shekara 3 ko tara. Ajiye wuƙar a gida ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne ranar da mutum ya sa hotonta a Facebook ko ya baje ta a tagar shago alamar tana fili. Shi ya sa dillalai ke liƙa takarda a kan suwastikar kafin su ɗauki hoto. A rufe kawai, kada a goge da zarto, domin gogewa tana karya darajar wuƙar kuma tana ɓata shaidar tarihi.

Haramcin ya haɗa har da kalamai. Wuƙar rundunar SA, dakarun jam'iyyar Nazi, tana ɗauke da takenta, "Alles für Deutschland" ("Komai don Jamus"), a zane a kan ruwa, kuma wannan taken ne ya sa kotun Halle ta ci ɗan siyasa Björn Höcke tarar yuro 13,000 a Mayun 2024 bayan ya furta shi a gangami. Don haka rubutun ma sai an rufe.

Sashe na 86 ya ware ilmi, bincike, fasaha da ba da labarin tarihi, wanda shi ke kare gidajen tarihi. Amma rubuta "don bincike kawai" a ƙarƙashin talla ba ya wanke kowa. Alƙali manufar nunawar yake dubawa. Wuƙaƙen zamanin Sarki Wilhelm na Biyu, masu kambi a kan ƙota, haramcin sashe na 86a bai shafe su ba.

Dokar makamai kuwa ba ruwanta da zamani. Tana lissafa wuƙa mai kaifi biyu cikin makaman sara da suka. Ba a buƙatar lasisi, amma sai mai shekara 18 zai mallaka, kuma dole a adana ta inda yaro ko wani daban ba zai kai hannu ba. Sashe na 42a ya hana fita da ita waje, sai dai cikin mazubi a kulle. Kube ba kulle ba ne, nan mutane da yawa ke kuskure: a sa ta a akwati ko jaka mai kwaɗo. Tarar saɓawa tana kaiwa yuro 10,000. Sashe na 35 ya hana sayar da ita a kasuwar gwanjo ko taron masu tarawa idan hukuma ba ta ba da izini na musamman ba. Bayan harin wuƙa na Agustan 2024 a Solingen, garin da masana'antun Eickhorn da WKC suka ƙera da yawa daga cikin waɗannan wuƙaƙe, an ƙara tsananta hana wuƙa a bukukuwa da jiragen ƙasa masu dogon zango.

Ƙetare iyaka yana sauya lissafi. A Amurka ana cinikinsu a fili, amma shigo da mai suwastika Jamus da niyyar yaɗawa laifi ne ƙarƙashin 86a, kuma kwastan na iya tsare ƙunshin su miƙa wa masu gabatar da ƙara. Faransa tana cin tarar mai baje alamun a fili, Ostiriya kuma tana da dokar haramta Nazi ta 1947 da dokar bajoji ta 1960.