Dan Allah a daina niƙa burodin da ya yi funfuna

Assalamu alaikum iyayena mata da ƙannena na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da duk inda kuke a Legas. Yau maganar garin burodi na zo da ita, wannan da ake birkima kaza ko kifi ko dunƙulen doya a ciki bayan an tsoma a ruwan ƙwai kafin a soya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikinmu shiga gida gida, kuma abu ɗaya nake ta gani har ya ishe ni.

Burodi zai kwana uku huɗu a leda, ga zafi ga laimar garin nan musamman da damina, sai ya fara fitar da ɗigo ɗigon kore da baƙi, maimakon a zubar sai Hajiya ta ɗau wuƙa ta yanke wajen, sauran ta shanya a faranti ta daka ta ce ai ta samu garin suya. Haba Hajiya! Wannan ɗigon da kika gani kansa ne kawai ya leƙo, jijiyoyinsa sun riga sun ratsa cikin burodin tunda abu ne mai laushi. Wasu nau'in funfunar suna fitar da guba, kuma zafin mai ba ya kashe gubar, ko kin soya ya yi jawur tana nan. Sai a kawo mana yaro yana murɗar ciki yana amai, in tambayi me ya ci a ce ai kaza ce kawai. Sai na matsa da tambaya sannan maganar tsohon burodi ta fito. Wata ma har kai shi hanci take yi wai ta ji ko ya lalace, alhali tana da asma. Kar ki shinshina, ɗaure ledar ki jefar.

Na san abin da za ku ce, komai ya yi tsada, zubar da abinci ba kyau. Wallahi na sani, kasuwar da kuke zuwa ita nake zuwa. Amma kuɗin burodi ɗaya bai kai kuɗin katin asibiti da magani da ƙarin ruwa ba.

To na kanti fa? Ba na ce kar a saya ba, amma ki juya bayan kwalin ki karanta, ko ki ba ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki. Yawanci za ki ga fulawa, yis, gishiri, sukari, mai, da sinadarin hana lalacewa, wani da kala da kayan ɗanɗano, wani akwai madara ko waken suya ko riɗi, wanda jikinsa ba ya karɓar waɗannan sai ya kiyaye. Gishirin ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, ke kuma garin da gishirinsa, kin sa wa kazar magi da wani gishirin, ga maigida da hawan jini. Ki duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa. Shi kuwa wanda ake ƙullawa a farar leda ba suna ba lamba ba kwanan wata, da wane burodi aka yi shi? Ba ki sani ba. Tun zamanin tsohuwar shugabar NAFDAC marigayiya Dora Akunyili hukumar ke yaƙi da sa sinadarin buromet a burodi saboda illarsa ga ƙoda da haɗarin cutar kansa, ke kuma kin sayi garin da ba ki ma san gidan burodin da ya fito ba.

Na gida ya fi, in dai da lafiyayyen burodi aka yi. Nan ne fa ake samun matsalar, mutane sun ɗauka garin burodi hanyar ceto ruɓaɓɓe ce. A'a. Wanda ya bushe daban, wanda ya yi funfuna daban. Kin ga burodin Agege ya kwana ɗaya biyu yara sun ƙi ci, to a ranar za ki yi, ba sai ya canza kala ba.

Ga shi a gurguje: ki duba shi ciki da waje a wajen haske, ko ɗigo ɗaya kika gani duka ledar ta tafi shara. Ki yayyanka ƙanana, ki gasa a busasshen kasko da wuta kaɗan kina juyawa har ya yi ƙaras ƙaras, kar ki dogara da shanya a rana, iskar Legas ba ta busar da abu da kyau ga ƙuda. Ya huce sarai, ki daka a busasshen turmi ko ki niƙa a bilanda, ki zuba a kwalba mai murfi wadda ba ɗigon ruwa. Ki yi kaɗan wanda zai ƙare da wuri tunda ba sinadarin hana lalacewa a ciki, firiza kuma kun san halin wutar Nepa.

Sannan in za ki yi suya ki ɗebi iya wanda za ki yi amfani da shi a faranti daban. Ragowar da ɗanyar kaza da ƙwai suka taɓa ba ta komawa kwalba, zubarwa ake yi, ki wanke hannu da sabulu. Yaron da ke amai da gudawa kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, in ya ƙi sha ko ya galabaita ko an ga jini a bayan gida a kawo shi asibiti a ranar, kar a jira gobe.