Ku bar yara su leƙa cikin zir

Salamu alaikum iyaye mata da maza na nan Gadarif ta Sudan da kewaye, da ƴan uwanmu na Mai Wurno da Sinnar da Kassala da duk inda wannan rubutu ya iske ku. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikina shiga gida gida, in duba randa, wato zir, in duba barmil, wato gangar ruwa, in yi maganar sauro da gudawa har bakina ya bushe. Yau ba faɗa na zo yi ba, wata magana ce ta daɗe tana cina akan yaranmu da kimiyyar da za su iya koya a cikin gida.

Tun da yaƙin nan ya tashi a watan Afrilu 2023 kowa ya san yadda karatu ya koma, makarantu sun daɗe a rufe, bayan da yaƙin ya ci garin Madani a Disamba na wannan shekarar kuma mutane suka kwararo nan Gadarif har azuzuwan ma suka zama wurin kwanan baƙi. Yara da yawa sun yi wata da watanni ba su riƙe alli ba. Idan na shiga gida uwa takan ce min, hakima yaran nan sun lalace ba karatu ba komai sai yawo da tambayar banza. Kalmar nan tambayar banza ita ce ke min ciwo wallahi, don abin da take kira banza shi ne ɗan abin da ya rage a hannun yaron.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na canza yadda nake aiki. Lokacin da zazzaɓin dengi ya addabe mu, kullum ina cewa mata ku rufe zir, ku wanke barmil duk sati, su ce to hakima in sha Allah, in dawo bayan kwana goma in tarar da komai yadda na barshi. Rannan a wani gida ina haska tocila cikin barmil sai wata yarinya da ba ta fi shekara tara ba ta ce min hala, wato inna, menene waɗannan masu wutsil wutsil ɗin. Uwar ta daka mata tsawa wai ta matsa ta ba manya wuri. Na ce a'a barta. Na sa aka kawo kwalbar jam da ba komai ciki, muka ɗebi ruwan da tsutsotsin guda biyar ko shida, muka ɗaure bakin da ƙyallen tsohon gidan sauro, na ce ta ajiye a inuwa ta riƙa dubawa safe da yamma, kar ta buɗe. Ban gaya mata abin da zai faru ba, da gangan.

Da na koma bayan sati, tun daga bakin ƙofa ta tare ni da gudu. Ta ce da farko sun ƙara girma, sannan suka dunƙule suka koma kamar harafin wawu suna tsalle tsalle, sai da safe ɗaya ta tashi ta ga sauro zaune a jikin kwalba. Ta kira ubanta ta kira habbobarta, wato kakarta, ta kira yaran maƙwabta. Na nuna mata ƙafafun, baƙi da zanen fari fari, na ce wannan shi ne mai kawo dengi, da rana yake cizo musamman da sassafe da kuma gab da magariba, ba irin na maleriya ba ne mai bin dare. Muka zuba ruwan sabulu ta cikin ƙyallen muka kashe su. Yanzu a gidan nan ba mai barin zir a buɗe, yarinyar ce ƴar sanda, har kankare cikin barmil take sa yayanta yi saboda na gaya mata ƙwan sauron a jikin bango ake manna shi sama kaɗan da ruwa, kuma ko ya bushe yana iya yin watanni yana jiran ruwa ya taɓa shi. Abin da na yi shekara ina faɗa bai shiga ba kwalbar jam ta yi shi cikin kwana bakwai. Gani ya kori ji dai.

To wannan abin da yarinyar ta yi shi ne kimiyya, ulum ɗin nan da ake rubutawa a jikin littafin makaranta yara suna haddacewa suna mantawa. Ka ga abu, ka tambaya, ka gwada, ka jira, ka faɗi abin da ka gani. A 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross a ƙasar Indiya haka ya zauna yana fede cikin sauro ɗaya bayan ɗaya har ya ga ƙwayar maleriya a ciki, kafin nan mutane da yawa warin fadama suke zargi. Shi yana da madubin likita, ita tana da kwalba, amma haƙurin iri ɗaya ne.

Kuma gidajenmu cike suke da irin wannan, mu ne dai ba ma tsayawa. Ɗauki zir ɗin kansa. Yaro ya tambaya me ya sa ruwan zir yake da sanyi alhali na jarka yana kamar an ɗora a wuta, yawancinmu amsar ita ce haka Allah ya yi, gaskiya ne Allah ne ya yi amma ai ya yi shi da sababi. Ki jiƙa masa bayan hannu ɗaya ki bar ɗayan a bushe ki ce ya hura duka biyun, wanne ya fi sanyi. Jikin zir yana da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ruwa yana tsattsafowa waje, iska tana kwashe shi, kuma duk ruwan da zai tashi ya bi iska sai ya tafi da zafi. Shi ya sa gumi ke sanyaya mu. Sai ki ba shi kwalba biyu da ruwa, ɗaya a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma ɗaya tsirara, a rataye a inuwa inda iska ke wucewa, bayan awa ɗaya ya taɓa. In mai wayo ne zai gano da kansa cewa abin ya fi aiki da rani fiye da lokacin harif, wato damina, da iska ke da laima. Wani malami daga arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, da wannan dabarar ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye tumatir da ganye su kwana biyu ba su lalace ba, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000, kuma dabarar ta iso nan Sudan ana amfani da ita. Tukunyar ƙasa fa, irin wadda muke raina wa.

Wanda yara suka fi so kuwa shi ne karkade. Ki jiƙa zoɓo ki tace, ki raba kofi uku. Na farko a barshi, na biyu a matsa lemun tsami, na uku a ɗiga ruwan kanwa, atrun ɗin nan. Na lemun zai ƙara ja ya yi haske, na kanwar zai juya ya yi duhu ya koma wajen shuɗi ko kore kore, yara har ihu suke. Sai ki ce to a zuba lemun cikin mai kanwar a gani, jan zai fara dawowa. Wannan launin na zoɓo yana canzawa ne gwargwadon tsami ko kishiyar tsami, kuma a ɗakin gwaji na asibiti ma akwai takardu da ruwaye masu aiki da irin wannan hanyar. Abin dariyar shi ne kowace mace a cikinmu ta san wannan tun tana budurwa, in miyar yakuwa ta yi tsami kanwa kike sa mata ta kashe, ba wanda ya taɓa ce miki kimiyya kike yi. A bari yara su gwada da ruwan toka, da ruwan sabulu, da ruwan tsamiya, su faɗi tun kafin a zuba wane launi suke zato. Wannan zaton kafin gwaji yana da muhimmanci sosai, yaro ya saba da cewa zai iya yin kuskure kuma ba a dake shi ba. Amma dan Allah kofunan gwaji a zubar, ba na sha ba ne.

Sai ƙullun kisra, siririyar wainar dawar nan tamu. Kin dama garin dawa da yamma kin zuba ɗan tsohon ƙullu kin rufe, da safe ya yi tsami ya yi kumfa. Ki tambayi ƴarki wa ya shiga ciki da dare. Ku raba ƙullun biyu, ɗaya da tsohon ƙullu ɗaya babu, ko ɗaya a wuri mai ɗumi ɗaya a gindin zir, ku ga wanne zai riga. Nan ne nake samun ƙofar yi wa yara bayanin ƙwayoyin halitta da ido baya gani, cewa akwai masu rai ƙanana suna cin garin suna fitar da tsami da iska, waɗannan na kirki ne su ke ba mu kisra da nono. Yaron da ya yarda akwai mai rai a cikin ƙullu ba zai yi gardama ba in an ce akwai wani mugu a cikin ruwan da yake gani garau. Mu da muka ga kwalara a garin nan a ƙarshen 2023 mun san abin da nake nufi.

Tunda na taɓo ruwa, ga ɗaya da kakanninmu na bakin kogi suka sani. Lokacin da kogin Nilu mai fitowa daga Habasha ya cika ya yi jawur da laka, matan ƙauye sukan daka ƙwayar zogale, rawwag da Larabcin nan, su kaɗa a ruwa. Ki ba yaro kwalba biyu na ruwa mai laka, ki ɓare ƙwaya ɗaya ko biyu busassu ki daka su yi laushi, a zuba a ɗaya a girgiza sosai sannan a juya a hankali a ajiye. Cikin kamar awa ɗaya lakar za ta dunƙule ta kwanta a ƙasa, ɗayar kwalbar kuwa tana nan da duhunta. Amma a nan nake tsayawa in ja kunne, ruwan ya washe ba yana nufin ya tsarkaka daga cuta ba, dole sai an tafasa ko an sa kilorin an jira minti 30. Kuma wannan ma darasi ne, ido yana da iyaka. Haka ruwan gishiri da sukari na gudawa, ku bar yaran da suka kai shekara goma su koyi aunawa da hannunsu, lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Lissafi ne, awo ne, kuma wata rana uwar ce za ta kwanta yaron ne zai haɗa kafin a kai ga asibiti.

Iyaye maza kar ku ce wannan harkar madafa ce ba ruwanku. Nan ƙasar dawa ce da riɗi. Kafin shuka ka ƙirga wa yaro ƙwayar dawa fatarita 20 daga irin da ka ajiye, ya jera a jiƙaƙƙen buhu ya naɗe ya riƙa yayyafa ruwa, bayan kwana biyar zuwa bakwai ya buɗe ya ƙirga nawa suka tsira. In 17 ne, kashi 85 cikin ɗari kenan, iri mai kyau. In 9 ne ka san ko ka canza iri ko ka ƙara yawa, kuma ka sani tun kafin ka biya kuɗin tarakta. Sannan sandar nan da malamanmu ke kafawa a rana, a ga inuwa tana raguwa har ta tsaya ta fara ƙaruwa a ce rana ta yi zawali, in ƙarin inuwar ya kai tsawon sandar a ce la'asar ta shiga, ka kafa wa ɗanka ɗaya a tsakar gida ya riƙa sa dutse a bakin inuwar. Zai lura da kansa cewa inuwar azahar ta lokacin sanyi ta fi ta bazara tsawo, daga nan tambayoyi za su ɓalle sai ka gaji. Masu cewa wannan ilimin na Turawa ne su tuna da Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, wanda ya yi gwaji da haske mai shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda, ya kuma kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. Duk ɗakin da ke da hudar ƙusa a kwano yana nuna wa yaranmu wannan kullum da hantsi.

Na san gajiya, na san mace ta wuni tana jiran mai karo, amalanken jakin nan, ya kawo ruwa ga tsadar gawayi ga baƙi cike da gida, sai yaro ya zo da me ya sa kaza me ya sa kaza. Ni ma ina da su, ni ma nakan ce kai rabu da ni. Abin da na koya wa kaina kawai shi ne in ban san amsa ba in ce ban sani ba, zo mu gwada, ko ka tuna min bayan isha. Da farko kunya nake ji wai hakima guda ta ce bata sani ba, sai na ga yaran sun fi sakewa da ni. Kuma a kula da ƴan mata, su ne a bakin murhu su ne a gindin zir, su suka fi kowa ganin waɗannan abubuwan amma su aka fi cewa yi shiru.

Wuta da kilorin da maganin ƙwari da fetur, waɗannan ba na gwajin yara ba ne sai babba yana tsaye, kuma kar a ajiye su a kwalbar lemo. In akwai tsohon littafi da ya rage da ƴan shafuka a ba yaro ya riƙa zana abin da ya gani da kwanan wata, da Larabci ko da Hausa ko ajami duk ɗaya ne.

Yarinyar nan mai kwalba, zuwana na ƙarshe ta kawo min sabuwar ƙara. Wai ta ɗebo tsutsotsi daga kududdufin bayan gida ta ga su a kwance suke a saman ruwa, na barmil kuma kansu a ƙasa suke rataye, me ya sa. Na ce masu kwanciyar nan su ne na maleriya, ta ɗaure bakin kwalbar da kyau, ranar Talata zan biyo mu duba fukafukansu tare.