Ma'anar "uwar garken rumbun bayanai" da abin da ake nufi da buɗe ta ga rezo

A ofisoshi da manyan shaguna na Yamai ana yawan jin masu aikin kwamfuta suna ba da shawarar a kafa "sarbar", kalmar da suka aro daga Faransanci, wadda a rubutun Hausa ake kira uwar garke. Idan aka ce uwar garken rumbun bayanai kuwa, ana nufin kwamfuta guda da aka keɓe, wadda wata manhaja ke aiki a cikinta dare da rana, tana riƙe da lissafin kaya da sunayen abokan ciniki da bashi da biya, tana kuma amsa buƙatun da sauran kwamfutoci ke aiko mata ta rezo, wato hanyar da ke haɗa kwamfutoci da juna. Fitattun manhajojin wannan aiki su ne MySQL, wadda ta fito daga Suwidin a 1995, da MariaDB da ta ɓalle daga gare ta a 2009, da PostgreSQL mai asali a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, sai SQL Server ta Microsoft.

Kalmar rumbu ta dace ƙwarai, domin a ƙauyukan Adar ba kowa ke shiga rumbun gero ba. Mutum ɗaya ne ke ɗebowa, shi ya san abin da ya fita da abin da ya saura. Haka manhajar take. Kwamfutar mai karɓar kuɗi ba ta taɓa bayanan da hannunta, sai dai ta aika saƙo cikin SQL, yaren da ake ba irin wannan manhaja umarni da shi, manhajar ta duba, ta aiwatar, ta mayar da amsa.

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, suna zaton ajiye fayil ɗin Excel a wurin da kowa zai iya buɗewa shi ne tarayya a rumbun bayanai. Na taɓa ganin sakamakon wannan a wani shagon kayan babur kusa da Babbar Kasuwa, inda yaron kanti da mai kula da magaza kowa ke aiki da kwafinsa, da yamma kuma a haɗa su da kile, wato ƙaramar ma'ajiyar USB. Ran nan aka sayar wa mutum biyu kwali ɗaya na taya, wanda shi kaɗai ya rage, na biyun har ya biya ya kira mai adaidaita kafin a gane babu kayan. Uwar garke tana hana irin wannan, saboda idan buƙatu biyu suka faɗo a kan layi ɗaya na lissafi, takan kulle layin har ta gama da ta farko. Haka kuma takan ɗauki cire kaya da shigar da kuɗi a matsayin aiki guda, ko dai su tabbata tare ko a soke su tare, don haka ko kuran ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, ba za a tarar da rabin lissafi ba.

Sai dai sau da yawa sabuwar manhaja ba ta sauraron sauran kwamfutoci. PostgreSQL, da kuma MySQL idan an ɗora ta a kan Ubuntu, wani nau'in babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suna zuwa ne a rufe, suna amsa wa kwamfutar da suke ciki kaɗai ta adireshin 127.0.0.1. Buɗewa ga rezo na nufin a ba uwar garken adireshin da ba ya canjawa, misali 192.168.1.10, domin sauran su san inda za su same ta kullum, sannan a umarci manhajar ta saurari wannan adireshi, a kuma buɗe mata ƙofarta a katangar tsaro, wato manhajar da ke tare saƙonnin da ba a yarda su shigo ba. Kowace na da lambar ƙofar da aka san ta da ita: 3306 ga MySQL da MariaDB, 5432 ga PostgreSQL, 1433 ga SQL Server. A PostgreSQL akwai ma fayil na musamman mai suna pg_hba.conf, inda ake rubuta wane ne zai shiga, daga wace kwamfuta, zuwa wane rumbu.

A ganina wannan fayil da makamantansa su ne zuciyar aikin, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ma'aikacin da ya gaji da kiran waya yakan buɗe ƙofa ga kowane adireshi, ya raba wa kowa kalmar sirrin babban asusu, aiki ya tafi, ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya kamata shi ne kowane ma'aikaci ya sami asusunsa gwargwadon aikinsa, mai karɓar kuɗi ya iya shigar da ciniki amma kada ya iya gogewa, kontabul ya iya karanta komai amma kada ya iya canja farashi. Fitar da ƙofar kai tsaye zuwa intanet kuwa ganganci ne. A farkon 2017 ɓarayin intanet sun share dubban rumbunan MongoDB, wata manhajar rumbun bayanai, da aka bari ba makulli, suka nemi kuɗin fansa. Shagon da ke da reshe a Tawa yana son ya riƙa duba kayan Yamai, sai a haɗa su ta VPN, wato ɓoyayyar hanya da ake shimfiɗawa a cikin intanet.

Tun da an tara komai wuri guda, lafiyar wannan kwamfuta ta zama lafiyar shagon gaba ɗaya. Tana buƙatar ondila, na'ura mai batir da za ta riƙe ta idan kuran ya ɗauke har a kashe ta cikin tsari, da ɗaki mai iska saboda zafin Afrilu da ƙurar hunturu, da kwafin bayanan da ake cirewa kowane dare da manhajar pg_dump ko mysqldump a ajiye a wani gini dabam. Kuma lokaci-lokaci a ɗora kwafin a wata kwamfuta a gani ko yana buɗewa.