Sakaya Bayanai: Me Ake Nufi Idan Ana Maganar Takardun 'Yan Mazan Jiya?

Duk mai sauraron labarai ya saba jin an ce "wani jami'i da ya nemi a sakaya sunansa". Maganar ta fito, amma mai maganar yana bayan labule. To haka ake yi wa takarda. Sakaya bayanai shi ne a bar takarda ta ci gaba da zama hujja da kowa zai iya dubawa, amma a rufe wasu gurabe nata waɗanda mugu zai iya cutar da mai ita da su. A Amurka, inda aka fi tafka muhawara a kan wannan, takardar da ta jawo maganar ita ce takardar sallamar soja, wadda ake kira DD-214.

Tun 1950 ake bai wa duk sojan da ya bar aiki wannan takarda. Shafi ɗaya ce, amma rayuwar mutum ce a dunƙule. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, gurbi na 3 yana ɗauke da lambar SSN, wato lambar nan mai alƙaluma tara da Ba'amurke ke karɓar albashi, biyan haraji da neman bashi da ita. Gurbi na 5 ranar haihuwa. Can ƙasa akwai adireshin da sojan zai koma da sunan danginsa mafi kusa. Gurbi na 24 yana faɗin irin sallamar da aka yi masa, ta mutunci ce ko ta kora, na 28 kuma yana faɗin dalili, wanda kan iya zama rashin ɗa'a ko shaye-shaye ko wata larura ta ƙwaƙwalwa. Da can lambar aiki ta daban ake bai wa soja. A 1969 sojan ƙasa da na sama suka koma amfani da SSN, sojan ruwa suka bi sahu a 1972. Daga nan takardar ta zama mabuɗin aljihun mai ita.

To yaya aka yi irin wannan takarda ta shiga kundin da kowa ke iya buɗewa? Shawara ce ta alheri ta kai ta can. Sai da ita tsohon soja ke neman magani a asibitocin 'yan mazan jiya, da lamunin gida, da tallafin karatu, har da jana'izar girmamawa. Don haka shekara da shekaru ana ce wa sojoji, da zarar an sallame ka, ka kai ta ofishin rajista na gundumarku a ajiye maka kwafi. Tsoron ɓata ba na banza ba ne. A ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar fayilolin ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Kusan kashi 80 cikin 100 na fayilolin sojan ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960 sun tafi, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Wanda ya yi rajista a gunduma ya tsira da hujjarsa.

Matsalar ita ce, kafin jihohi su fara gyara dokokinsu, duk abin da ya shiga wannan ofishi ya zama na jama'a, tamkar takardar filaye ko ta jingina. Lokacin da sai mutum ya taka da ƙafarsa, ya tsaya gaban magatakarda, ya yi ta juya wani katafaren littafi mai ƙura, wahalar da kanta katanga ce. Da gundumomi suka fara ɗaukar hoton kundayensu suna ɗorawa a intanet, sai katangar ta faɗi. Ɗan damfara yana kwance a ɗakinsa zai tattara suna, lamba da ranar haihuwa, ya je ya karɓi katin bashi da sunan wani dattijo da bai san hawa ba bai san sauka ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Mutane kan cakuɗa abubuwa uku a nan, alhali sun sha bamban. Sakayawa ita ce a shafe gurbi kaɗai, a bar sauran. Kullewa ita ce takardar tana nan yadda take, amma ba a nuna ta sai ga mai ita, ko matarsa, ko 'ya'yansa, ko wanda kotu ta ba izini. Wannan hanya jihar Texas ta bi: takardar sallamar da aka yi wa rajista daga 1 ga Satumban 2003 sirri ce har shekara 75. Cirewa kuwa ita ce a fitar da takardar daga kundin baki ɗaya, kamar yadda dokar jihar Florida ta ba tsohon soja damar nema. A ganina wannan ta ƙarshe maganin da ke da ɗaci ce, domin idan an cire an cire ke nan, kuma mutum ya koma gidan jiya, inda gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya za ta raba shi da hujjarsa.

Wani zai ce, me zai hana a kulle komai kowa ya huta? Saboda sojan gona iri biyu ne a wannan lamari. Akwai mai satar lambar tsohon soja ya ci bashi da ita. Akwai kuma wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, amma ya rataya lambobin yabo yana neman kuɗi ko ƙuri'a. Rufewa ke maganin na farko, buɗewa ke tona asirin na biyu. Shi ya sa gwamnatin tarayyar Amurka ta raba ƙafa. A ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 1966, kowa na iya tambaya a gaya masa muƙamin mutum, rundunar da ya yi aiki, shekarun aikinsa da lambobin yabonsa. Dokar kare sirri ta 1974 kuma ta hana a saki lambar SSN, adireshi da bayanan lafiya ba da yardar mai su ba. Bayan shekara 62 da sallama, fayil ɗin ya zama kayan tarihi, masu bincike da masu neman asalin kakanni su samu shiga.

Sakayawa ma sai an iya. Sau da yawa ma'aikaci kan zana baƙin akwati a kan lamba a kwamfuta ya ɗauka ya gama, alhali rubutun yana nan a ƙarƙashi. Kowa ya ja linzamin kwamfuta ya kwafe wurin ya manna a wani shafi, sai ga lambar tsirara. Tsofaffin takardu kuma wasu da keken rubutu aka buga su, wasu tawadar ta dushe, manhajar da ke farautar alƙaluma tara sai ta tsallake su. Dole sai ido ya bi.

Sannan ba kullum ɓarakar ke fitowa daga kundin gunduma ba. A Mayun 2006 ɓarayi sun shiga gidan wani ma'aikacin ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya a Maryland, suka ɗauke kwamfutar tafi-da-gidanka da na'urar ajiya mai ɗauke da bayanan mutum miliyan 26.5. An gano kayan daga baya, amma sai da ma'aikatar ta amince a 2009 ta biya dala miliyan 20 don kashe ƙarar da aka shigar.

A aikace, akwai gajeren kwafi da dogon kwafi na DD-214. Gajeren ba ya ɗauke da irin sallama da dalilinta, dogon ne ke da su. Mai shagon da ke yi wa tsofaffin sojoji rangwame ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki, tunda jihohi na buga alamar tsohon soja a lasisin tuƙi. Wanda kuma ya yi rajista tun kafin jiharsa ta gyara doka, sai ya leƙa ofishin gundumar ya tambaya, domin a wasu wurare ba a taɓa tsohuwar takarda sai mai ita ya nema a rubuce.