Kafin a jona wa majinyacinku wuta, ku tambayi allurar barcin

Duk lokacin da likitan ƙwaƙwalwa ya ce wa dangi za a yi wa ɗan uwansu jinyar lantarki, wadda a asibiti ake kira ECT, sai ka ga fuskoki sun canza. Abin da ke zuwa ransu shi ne mutum a ɗaure, yana ihu, ana ba shi shokin. Tsoron yana da asali. Lokacin da likitocin Italiya biyu, Cerletti da Bini, suka fara wannan jinya a birnin Rum a 1938, ido biyu ake yi wa mutum, jijjigar da wutar ke tayarwa kan yi ƙarfi har ta karya ƙashin baya ko ta gurɗe kafaɗa. Daga shekarun 1950 aka sauya salo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi ta sai da allurar barci da mai sassauta tsoka, da yardar majinyaci.

Jinyar tana ceton rai, musamman ga mai ciwon damuwar da ya daina ci da sha, ko wanda ya sandare ba ya magana, ko mai jegon da hankalinta ya gushe. Akan yi sau biyu ko uku a mako, jimilla sau 6 zuwa 12. Barcin 'yan mintoci ne, jijjigar kuma ba ta cika kai minti ɗaya ba.

Wahalar mai ba da allurar barci ita ce, ana son a tayar da 'yar gajeruwar farfaɗiya a ƙwaƙwalwa, alhali yawancin magungunan barci danne farfaɗiya suke yi. Shi ya sa ake zaɓe. A Amurka methohexital aka fi amfani da shi, don bai cika dannewa ba. Thiopentone tsohon hannu ne. Propofol yana sa a farka garau ba yawan tashin zuciya, kuma jini ba ya hawa sosai, sai dai yana gajarta jijjigar. Idan ta yi gajarta da yawa akan koma etomidate ko ketamine. Shi ketamine yana ɗaga hawan jini, wani kuma ya farka yana gane-gane, don haka ba kowa ake ba shi ba.

Bayan barci ya ɗauke majinyacin sai a yi allurar sassauta tsoka, galibi suxamethonium, a sa masa roba tsakanin haƙora, a riƙa ba shi iskar oksijin har numfashinsa ya dawo. Ciwon jiki ko na kai washegari ba abin tashin hankali ba ne. Mantuwa ma kan faru, yawanci tana raguwa bayan an kammala.

To, 'yan uwa, zaɓen nan ya dogara ne da abin da kuka faɗa mana, mu masu ba da allurar barci. Idan yana da hawan jini, ciwon zuciya ko asma, ku faɗa. Idan mace ce mai juna biyu, ku faɗa. Wanda ya yi ƙunar wuta mai yawa, ko ya daɗe a kwance, ko wani a danginsu ya taɓa shiga hatsari a ɗakin tiyata saboda allurar barci, suxamethonium na iya cutar da shi, akwai madadinsa. Ku zo da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya. Diazepam da magungunan farfaɗiya suna rage aikin jinyar. Idan kuma yana shan tiramol ko kodin, kada kunya ta sa ku ɓoye. Mu ba 'yan sanda ba ne.

Sai batun abinci, inda tausayi ya fi ba mu wahala. Awa 6 ba abinci, ruwa zalla kuma a daina awa 2 kafin lokaci. Uwa za ta ce ai ɗan koko ne kawai ta ba shi. Kokon nan zai iya biyowa ya shige huhu yana cikin barci. Idan an riga an ba shi, ku sanar da nas, a ɗaga zuwa wani lokaci.