Tun zamanin gyaɗa kayan Nijar suka fara barin hanyar Legas

Tunda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025 musu bai ƙare ba a teburin mai shayinmu nan Agege, kowa cewa yake juyin mulkin Yulin 2023 da rufe boda ne suka raba Nijar da tashar ruwan Legas. Rannan wani malamin jami'a mai bincike kan hanyoyin fatauci ya zauna da mu yana ta yi wa direbobin tirela tambayoyi, hirarsa ce ta sa na waiwaya.

Sauyin hanya na farko kowa ya san shi. Da can ayarin raƙuma arewa yake nufa ta Agadas, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juyo kudu, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bin Kano har Legas.

Inda mutane ba sa tsayawa shi ne wajen 1953. Lokacin aka fito da wani shiri mai suna Hirondelle, a ɗauki gyaɗar Nijar a mota zuwa Paraku a ƙasar Dahome, wato Benin ta yau, daga nan jirgin ƙasa ya ja ta kilomita 438 zuwa Kwatano, motar kuma ba ta tafiya wayam, ta hauro da kayan waje ta sauka da gyaɗa, ga tallafi a kan kuɗin dako don kar hanyar Kano ta fi araha. A 1959 Nijar da Dahome suka haɗa hukumar sufuri guda, a 1965 aka buɗe babbar tashar ruwan Kwatano. To ɗan kasuwa in ya saba da hanya, ya san mai fitar masa da kaya, ya san sito, ga sefa iri ɗaya ga takardu da Faransanci, wallahi da wuya ka juyo da shi, haka ɗansa zai gada. Abin na damuna, don mu da mutanen Maraɗi harshe ɗaya muke yi, auratayya muke yi.

Wannan sabo da hanya shi ya sa da bodar Gaya, tsakanin Nijar da Benin, ta tsaya a rufe bayan 2023, kwantenonin Yamai tashar ruwan Lome ta Togo suka koma, ba Legas ba, ta cikin Burkina, hanya mai nisa da haɗari har sai da rakiyar soja. Malamin ya tambayi wani dattijon direba ko ya taɓa ɗaukar kwantena daga Apapa, tashar ruwan Legas, zuwa Yamai, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, shekara talatin ina tuƙi, albasa da shanu nake saukowa da su, wannan lodin kam ban taɓa yi ba."